Yatsa Uku, Amma Yatsun Wa?

Rashid ɗan Hajiya Memuna maƙwabciyata ya ce in rubuta muku labarin sana'ata a shafi ɗaya, ku karanta kafin ku sake hawa mota zuwa bakin ruwa wayar wa masunta da kai. Shafi ɗaya! Shekara hamsin da ɗoriya ina saƙar taru, yaro ya ce in cusa su a shafi ɗaya kamar kifin gwangwani. Na ce masa to. Ga shi nan, ku ƙirga shafukan da kanku. Ni a aji huɗu na tsaya, lissafina bai kai can ba.

Sunana Idi, a unguwar Aboabo cikin Tamale ana ce mini Baba Idi mai taru. In kun bi ta bayan kasuwa, wajen da mata ke sauke kwandunan banda, za ku ga wani tsoho a rumfa ya rataya zare a ƙusa, ya miƙe ƙafa ɗaya kamar mai ciwon gwiwa. Ni ne. Kwanan baya samari biyu daga cikinku suka tsaya a kan babur, ɗaya ya ɗauke ni hoto da waya ba sallama, ya ce wa ɗan'uwansa, "Chale, wannan aikin ai ƙulli ne kawai." Na ji. Ban kurmance ba tukuna.

To bari in nuna muku kayan ƙullin kawai ɗin. Huɗu ne. Akwai allura, ba irin ta tela ba, wannan ta icen gora ce, tsawon taƙi guda, da harshe a tsakiya inda ake naɗe zare. Akwai 'yar wuƙa wadda ba a ara wa kowa, ko uwargida ce za ta yanka albasa. Akwai babban yatsan ƙafa, shi ke riƙe aiki ya miƙe. Allah ya ba kowa shi kyauta, amma ku cikin takalmi kuke ɓoye naku. Na huɗu shi ne ma'auni, wato ɗan fallen katako mai santsi da ake zagaya zare a jikinsa kafin a ja ƙulli. Faɗin katakon nan shi ne faɗin idon taru, ido kuwa shi ne ramin da ke tsakanin ƙulli huɗu. Kifin da ya fi ido girma naka ne. Wanda ido ya fi shi girma ya wuce abinsa. Ke nan ɗan katakon nan shi ne alƙalin ruwa, shi ke cewa wane ya shiga tukunya yau, wane ya je ya girma. Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa wani lungun ruwa ya kusa rasa kifinsa, ni kuma na rasa rabin sunana.

Aikin farko da aka bar mini ni kaɗai aljihun taru ne. Taru dai doguwar raga ce da ake kewaya ruwa da ita a jirgi, a jawo ta gaɓa ta baki biyu, aljihu kuma shi ne jakar da ke tsakiya inda kifi ke taruwa. A Yeji ne, a hannun maigidana Malam Hamidu, wani Bakabe da ya zo tun babban tafkin da aka datse kogi aka yi a can yana sabo. Babana ne ya kai ni wurinsa bayan malamin makarantarmu ya yi bincike mai zurfi ya gano cewa kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya. Malam Hamidu ba ya yawan magana. Yatsunsa kuwa, in ya ɗora su a gwiwa, sai ka ce rogo aka tono.

Na ga a raina ƙaramin ido ya fi kyan gani, ya fi kama da aikin gwani. Sai na sa wuƙa na ɗan fiƙe ma'aunin da ya ba ni, kaɗan kawai. Kwana tara ina saƙa. Ran da na gama na shimfiɗa aikin a gabansa ina jiran yabo. Bai dubi ƙulli ba. Yatsa uku ya haɗa, manuni da na tsakiya da mai bi masa, ya tura a ido ɗaya. Suka tsaya a farce.

Ya ce, "Idi, wa ya ba ka rabon baɗi?"

Na ce, "Wallahi Malam ban ɗauki komai ba."

"Ka ɗauka. Abin da ya bi ta ido ya wuce, shi ne rabon baɗi. Ba naka ba ne, ba nawa ba ne, na wanda zai jefa taru shekara mai zuwa ne. Ga shi ka rufe masa ƙofa. Kawo wuƙarka."

Na miƙa masa. Ya ce a'a, ni zan yanka. Na zauna na yanke kwana tara da hannuna, mata masu banda suna wucewa suna yi mini sannu da aiki. Washegari ya ba ni wani ma'auni na icen ƙirya, wanda ya auna da yatsunsa uku, ya ce in ina da ƙarfi in fiƙe wannan. Kun san ƙirya, wuƙa ce ke jin jiki. Ya kuma ba ni alama, don duk wanda ya koya a hannunsa yana da tasa. Tawa ƙulli biyu ne da shuɗin zare a bakin aljihu, bayan kowane ido bakwai. Na tambaye shi amfaninta, ya ce, "Don in taru ya yi ɓarna a san wanda za a zaga."

Da na yi aure na dawo Tamale na kafa rumfa. Za ku ce mai taru me yake yi a garin da ko rijiya sai an roƙe ta? To motocin da ke kawo banda daga Yeji da Buipe da Makango ba sa komawa wayam. A nan masunta ke sayen zare da dalma da igiya, a nan suke sauke mini yagaggen aiki. Kuma ku sani, tun da nake ban taɓa ganin masuncin da ya yaga tarunsa da gangancinsa ba. Kullum kada ne. Ko wata giwan ruwa mai girman ƙofar masallaci. Mutum zai kawo maka raga da ɓawon itace maƙale a jiki, kowa ya san ƙarƙashin tafkin nan kututture ne tsaye kamar sojoji, amma ya rantse maka kada ne, har ya nuna maka tsawon haƙorinsa. Sai ka ce Allah ya kiyaye gaba, ka zare ɓawon a hankali ka jefar bayan rumfa don kada ka kunyata kadan.

Haka muka yi shekaru, har muguwar shekara ta zo. Kada ku tambaye ni lambarta, ni dai na san ita ce shekarar da Sule mai dalma ya rufe rumfarsa ya koma tuƙa babur. Da farko ragar inji ce ta cika kasuwa, ta roba, a dila-dila, mai araha, ido iri-iri har da wanda ko tsinken sakace sai ya yi sallama kafin ya shiga. Ba mai tambayar yatsa nawa, sai dai yadi nawa. Bayan ita aka raba gidan sauro kyauta a ƙauyukan bakin ruwa don a tsare yara daga zazzaɓi. Abin alheri. Sai wasu 'yan albarka suka haɗa goma-goma suka ɗinke suka shiga ruwa da su. Sauro ya samu yara, gidan sauro ya samu kifi, kowa ya samu aikin yi sai ni. Wata uku ba wanda ya ce mini ko kada ya yaga masa wani abu.

Wata safiya na tsaya wajen masu banda na ɗebi kifi cikin tafin hannu daga wani kwando. Mai kayan ta ce ai irin ƙananan nan ne da ba sa girma. Na baza su a kan benci na tsince ɗaya-ɗaya. Akwai waɗanda ba sa girman, gaskiya ne. Amma ga 'ya'yan karfasa, ga na tarwaɗa da gashin bakinsu bai gama fitowa ba, ga giwan ruwa guda biyu da ba su kai ɗan yatsana ba. Giwan ruwa! Kifin da in an bar shi sai mutum biyu sun ɗauka da sanda. Na yi ta faɗa a kasuwa ranar har aka ce tsohon nan yunwa ce ke damunsa. Ba su yi ƙarya duka ba.

A cikin wannan hali Alhaji Mumuni ya zo. Mutum ne mai jirgi huɗu a wani ƙauyen masunta bayan Makango. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ina da surukai a can. Ya zauna a bencina ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Baba Idi, gidan sauron nan ba ya ƙarko. Ja biyu ya yage. Na roba kuma kututture na cinye shi. Aljihu nake so na hannu, irin naka, amma yatsa biyu."

Na ce, "Alhaji, ni ɗan yatsa uku ne."

"Na sani. Yatsa ukun nan su kake dafawa a gida?"

Ya ƙara da cewa, "In ba ka yi ba wani zai yi, kuma ba zai yi da kyau ba. Kifin dai kama shi za a yi. Ruwan nan ba ya ƙarewa, na Allah ne."

Ban ce masa wutar Jahannama ma ta Allah ce ba. Wannan amsar sai bayan kwana uku ta zo mini, lokacin na riga na fasa akwatin tumatir na fiƙe sabon ma'auni. Na Malam Hamidu na tura shi can ƙasan jaka, na ɗora tsumma a kai. Kwana goma sha ɗaya na yi, da zare mai kauri, ƙulli a kan ƙulli kamar haƙoran yaro. Abin haushin shi ne ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Kuma da na zo baki, hannu ya ɗauko shuɗin zare da kansa ya sa alama, ido bakwai bakwai. Ban lura ba sai da Alhaji ya naɗe ya ɗora a mota. Mutum yana iya ƙarya, hannunsa bai iya ba.

Shekaru suka wuce, aiki ya ɗan dawo, don ragar inji ma tana yagewa kuma inji ba ya zuwa gyara. Sai bara Rashid ya yi sallama a rumfata da farar riga mai rubutu a ƙirji. Yaron nan a gabana aka yi masa suna, yanzu ya gama jami'a ya zama karaci, irin masu biro a aljihu, yana aiki da ƙungiyarku. Ya ce za su wani ƙauye wayar da kai, suna son tafinta, don garin akwai Gonjawa da Zabarmawa da Hausawa da mutanen kudu, a Hausa kawai suke haɗuwa, shi kuma Hausarsa rabi ta Aboabo ce rabi ta rediyo. Ya faɗi sunan ƙauyen, ashe na su Alhaji Mumuni ne. Na ce ina da ciwon baya. Ya ce motar akwai kujera mai laushi. Na ce ina da aiki. Hajiya Memuna ta leƙo ta katanga ta ce, "Wane aiki? Tun safe ƙuda kake kora." Na shiga mota.

A hanya ya yi mini bayani. Sarkin Ruwan garin, Garba, shi ya nemi a zo. Suna da wani wuri da suke kira Lungun Kututture, inda kifi ke shiga ya yi ƙwai idan ruwa ya hau, kuma kamun wurin yana ta raguwa. Sarki da dattawa sun yanke cewa ranar taron za a shimfiɗa kowane taru a gwada shi. Wanda ya ci gwaji a ɗaura masa jan ƙyalle, ya ci gaba da aiki ba mai sake tambayarsa. Wanda ya faɗi ba zai sake shiga lungun ba. Gwaji ɗaya ne, liman zai shafa fatiha a kai, magana ta ƙare. Sun ce baƙo ya gwada, don kada a ce Sarki ya yi son kai.

Rashid ya buɗe littafi ya ce, "Baba, a gargajiyance yaya ake aunawa? An ce mu yi amfani da abin da suka sani."

Na ce, "Yatsa uku."

Ya rubuta. Ni kuma ina kallon hanya, ina tunanin shuɗin zare. Ban dubi hannun da ke rubutun ba. Wannan laifina ne na biyu.

Muka isa da hantsi. Kun kafa rumfar tamfol, kun jera kujerun roba, kun kunna lasifika har awaki suka bar gari. Sannan kuka raba rigunan nan. Jama'a, wa ya rubuta muku su? MU KARE KIFINMU. A takarda daidai ne, karewa, tsarewa. Amma duk cikinku ba wanda ya tuna cewa a bakin mutanen ƙasar nan kare da ƙare abu ɗaya ne? Wani saurayi ya karanta wa jama'a da ƙarfi, sai Alhaji Mumuni daga kujerar gaba ya ce, "Ah, to ai muna kai. Saura kaɗan mu ƙare shi." Aka fashe da dariya. Na ɗauki rabin sa'a ina raba kare da ƙare, har wani ya tambaya ina karen ya shigo cikin maganar.

Bayan nan Rashid ya ɗaga hoton wani kifi yana hawaye. Ya yi jawabi a kan muhalli da ɗorewa da masu ruwa da tsaki. Na juya abin da na iya, sauran na bar wa Allah. Wata mai banda, Mma Azara, mace mai murya kamar ta mai tallan magani, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Karaci, kifi da yana cikin ruwa, yaya ka sani yana kuka?"

Rashid ya ce misali ne.

Ta ce, "Ni ba na so misali. Zo ka duba waya na banda, wanda muna jera kifi a kai bisa wuta. Kifi yana faɗuwa ta rami yana shiga wuta. Uwana ya yi banda da wannan waya, kifi bai faɗi ba. Wannan ka zana."

Kun ji wayar da kai. Matar nan ta gama taron a numfashi uku, ba lasifika, ba riga. Ku da kuka zo koya musu cewa kifi na raguwa, wa kuke tsammani ya fara sani? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Ba labari suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne abin da za su nuna wa mai jirgi huɗu ya yi shiru.

Aka shimfiɗa kayan kowa a kan yashi. Rashid ya naɗe hannun riga ya fara bi. Na gidan sauro ba su ba shi wahala ba, ko makaho ya san hukuncinsu. Aka tara su gefe, masu su na gunaguni. Ya wuce zuwa tarun wasu tsofaffi biyu, yatsu suka shige har wuyan hannu, aka ɗaura jan ƙyalle. Sai aka zo kan na Alhaji Mumuni. Tun daga taku goma na hango shuɗi. Ya koɗe, amma yana nan, ido bakwai bakwai. Shekara da shekaru aljihun nan yana share lungun, ko ƙulli ɗaya bai saki ba.

Rashid ya durƙusa ya haɗa yatsa uku. A lokacin na fara ganin hannunsa da kyau. Yatsu ne na biro, sirara kamar taliya, ba su taɓa jan igiya ba. Ya tura su a idon yatsa biyu, suka shige sumul har gaɓa ta biyu. Ya gwada wani idon, suka shige. Ya miƙe ya faɗa da Turanci cewa wannan ya ci. Mai jan ƙyalle ya matso. Tsofaffin masunta suka dubi juna, amma su suka ce baƙo ya gwada, kuma wa zai fara ja da Alhaji, rabin samarin garin a jiragensa suke ci? Alhaji kuwa ni yake kallo, yana murmushi kamar wanda ya ga ɗan'uwa a tasha.

Sarkin Ruwa ya juyo ya ce, "Baba Idi, kai ne bakinmu yau. Me yaron ya ce?"

Kalma biyu ce aikina. Ya ci. In na faɗe su, a ɗaura ƙyalle, liman ya shafa, in koma Tamale da sunana cif, aljihun nan kuma ya koma lungu da izinin Sarki da na jami'a.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce ya ci. Ni kuma ina da tambaya. Yatsa uku, amma yatsun wa?"

Na zazzage jakata a kan yashi na ɗauko ƙiryar Malam Hamidu. Na kai ta idon. Ko bakinta bai shiga ba. Na gwada ido biyar a jere don kowa ya gani.

Alhaji bai tashi daga kujera ba. Ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Sarki, a tambayi malamin nan wa ya saƙa." Ya sa aka juyo bakin aljihun sama. "Shuɗin zaren wane ne wannan?"

Na ce, "Nawa ne."

"Da ƙarfi, Baba, na baya ba su ji ba. Ga lasifika can."

Na karɓi abin maganar na ce nawa ne, ni na saƙa, kwana goma sha ɗaya, da ma'aunin akwatin tumatir. Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani daga baya ya ce ashe boka ne ya kawo cutar. Mma Azara ta riƙe haɓa ta ce, "Baba, kai? Kai da gemu?" Rashid ya tsaya da yatsunsa uku a haɗe har lokacin, yana kallonsu kamar aron su ya yi.

Alhaji ya ce, "To kun ji. Mutumin da ya fiƙe katako ya sayar mini, yau ya zo da wani katakon ya ce nawa haram ne. Gobe da wanne zai zo? Yaron gwamnati ya gwada da hannunsa, ya ci. A ɗaura mini ƙyallena."

Maganarsa tana da ƙafa, kada ku raina ta. Ni kuwa, wanda aka kama da akuya ba ya wa'azin sata. Sarkin Ruwa ne ya miƙo hannu ya karɓi ƙiryar. Ya juya ta, ya shafa inda zare ya yi mata hanya. Sannan ya haɗa yatsunsa uku ya ɗora a kai. Daidai, ba ragi ba ƙari. Ya miƙa wa tsohon da ke kusa da shi, wani Bazabarme, ya ɗora nasa. Daidai. Ta zaga hannu bakwai, har da wani dattijo mutumin kudu da ba ya jin Hausa sosai, ya ɗora, ya gyaɗa kai, ya faɗi wata kalma da yarensu. Duk hannun da ya ja igiya shekara arba'in faɗinsa ɗaya ne.

Sarki ya ce, "Alhaji, kawo naka hannun."

Alhaji ya ce hannunsa na ciwo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini. Ni na rufe ƙofar nan, ni zan buɗe. Zan yanke aljihun, in saƙa wa Alhaji na yatsa uku da zarena, ba sai ya ce an zalunce shi ba."

Alhaji ya ce, "Yanka in ka iya."

Ya san abin da yake faɗa. Na ce muku aikin ya yi kyau. Na zauna a yashi na sa babban yatsan ƙafa, na ce wa Rashid ya riƙe ɗaya bakin tunda yatsunsa sun huta. Har aka kira azahar ina yanka, sau biyu ina wasa wuƙa a dutse. Mata masu banda suna wucewa suna yi mini sannu da aiki. Na ce a raina, Malam Hamidu, ko a kabari ba ka bar mutum ya huta ba.

Motarku ta koma ranar, ni na kwana huɗu a garin. Aka samo mini reshen ƙirya na fiƙe ma'auni goma sha biyu a kan na Malam, kowanne sai da Sarki ya ɗora yatsu. Ɗaya an huda shi an rataya a jikin bishiyar da ke mashigar jirage, inda kowa zai iya kai tarun maƙwabcinsa ba sai ya jira mai farar riga ba. Ba zan ce muku kifi ya dawo ya cika lungun ba, ban shiga na ƙirga ba, kuma an ce akwai masu zagayawa ta baya. Abin da na sani, watan jiya Mma Azara ta aiko mini da karfasa shida a cikin kwandon wata, kowace ta cika tafin hannu, da saƙon cewa waɗannan ba su faɗa wuta ba. Na kuma san cewa a garin nan yanzu ba mai ce mini Baba Idi mai taru. Baba Yatsa Biyu suke cewa, har yaran da ba a haifa ba lokacin da na yi laifin. Surukaina ma haka suke gaishe ni, da ladabi.

Shekaranjiya ina zaune ba aiki na ɗauko ƙiryar na ɗora yatsuna uku a kai, haka kawai. Sai ga katako ya leƙo ta gefe. Na sake matsawa, ya sake leƙowa. Tsufa ya cinye mini nama ban sani ba. Da yau za a ce in gwada aljihun Alhaji da hannuna, wataƙila ni ma in ce ya ci.

Saboda haka kafin ku hau mota, ku biyo ta bayan kasuwa kowa ya karɓi katakonsa, na fiƙe muku. Yatsunku ku bar su a aljihu tare da biro. Rigunan nan kuma a sake musu rubutu. Shi kuwa mai babur da ya ce ƙulli ne kawai, na ajiye masa allura da zare da wuri a benci. Ya zo da safe, ya wanko babban yatsan ƙafarsa.